ALƘALAMI AMANA NE: Tarihin Alhaji Abubakar Imam, Edita Kuma Ɗan Majalisa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya ba ɗan Adam harshe da alƙalami, kuma zai tambaye shi abin da ya yi da su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sunnarsa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, duk wanda ya zaga garuruwanmu na bakin Watari bayan sallar lisha, daga Bagwai har Bichi, ya san abin da zai tarar. Samari ne zaune a dakali, an dawo daga ban ruwan tumatir da albasa, kowa da waya a hannu, kowa na tura labari. A zamanin kakanninmu, jaridar Hausa guda ɗaya ce ke zaga ƙasar Arewa, editanta kuma mutum ɗaya. Yau kuwa kowane ɗayanku edita ne, ko ya sani ko bai sani ba. Don haka na ga ya kamata in ba ku tarihin wancan edita na farko, Alhaji Abubakar Imam, domin ku ga yadda ya riƙe wannan amana.

Tun farko in faɗa muku, ba mu kawo shi don mu mai da shi waliyyi ba, domin addininmu ya hana wuce iyaka wajen yabon mamaci. Ba kuma cewa muka yi ɗan ƙungiyarmu ne ba. Mutum ne Musulmi, ya yi daidai a wurare, an kuma soke shi a wurare. Mu dai mu ɗauki abin da zai amfane mu.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a Kagara, wadda yanzu take cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali. Saboda haka da allo ya buɗe ido, a gidan da ake karatun Alƙur'ani da littattafan fiƙihu. Yana yaro aka kai shi Katsina wurin wansa, Malam Bello Kagara, wanda yake koyarwa a can, wanda kuma daga baya ya zama Walin Katsina.

A Katsina ya shiga makarantar boko. A wannan zamani yawancin iyaye gudun boko suke yi, suna ganin hanya ce ta raba yaro da addininsa, kuma tsoronsu ba na banza ba ne, tun da Nasara ne suka kawo ta. Amma gidansu Imam sun yi wani hangen. Suka fara dasa masa karatun addini, sa'an nan suka bar shi ya je ya koyo abin da ke hannun Turawa. Daga 1927 zuwa 1932 yana Kwalejin Katsina, inda ya yi zamani da Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da ya gama sai aka ba shi aikin koyarwa a Midil ta Katsina.

YADDA YA SHIGA RUBUTU

A shekarar 1933 wani Bature, Dokta Rupert East, da ke shugabancin Hukumar Fassara a Zariya, ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Imam yana da shekara 22 ya shiga da littafinsa Ruwan Bagaja. A wannan gasa ce wansa ya rubuta Ganɗoki, Tafawa Ɓalewa kuma ya rubuta Shaihu Umar.

Akwai wani wuri a cikin Ruwan Bagaja da nake so ku tuna. Mai ba da labarin ya shiga garin jahilai yana ƙaryar malanta, sai ga wanda ya fi shi karatu ya zo zai tona shi. Sai ya zana wani lanƙwasasshen zane a ƙasa, ya ce a faɗi ko mene ne. Mai karatun ya dinga ambaton haruffa. Shi kuwa ya ce ai jinjirin wata ne. Mutanen gari suka duba suka ga lalle ya yi kama da wata, suka bi maƙaryacin, suka kori mai karatu. Muna yara dariya kawai muke yi in an karanta mana wannan. Da muka girma muka gane ashe abin kuka ne. Inda jahilci ya yi yawa, mai wayon baki shi ke cin mai ilmi, kuma da haka bokaye da 'yan tsibbu suke cin dukiyar talakawa har gobe.

East ya ga hazaƙarsa, sai ya roƙa aka ba da aronsa zuwa Zariya a 1936. Can ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Ya ɗebo labarai daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya sa musu rigar Hausa har ba ka gane baƙi ne. Yau shekara fiye da 80 ke nan ana karanta shi a makarantu.

EDITAN GASKIYA TA FI KWABO

Ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, sai jita-jita ta bazu a ƙasar nan cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila. Hankalin mutane ya tashi. Gwamnatin Turawa ta ga ba ta da hanyar da za ta yi wa jama'ar Arewa magana da harshensu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ta fara fitowa cikin watan Janairu na 1939, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Imam ne aka ɗora a kan kujerar editanta na Hausa, yana da shekara 28. Kun ga ke nan, ƙarya ce ta yi yawa har aka nemi maganinta.

Da fari wata-wata take fitowa, daga baya aka riƙa matso da kwanakin. Masu iya karatun boko kaɗan ne ƙwarai, amma kwafi ɗaya yakan ishi unguwa. Malamin makaranta ko ɗan mai gari ya zauna a zaure ya karanta da ƙarfi, jama'a na saurare. Ta nan mutanen karkara suka riƙa jin labarin yaƙi, da na ƙasashen da aka kai 'ya'yansu soja, irin su Habasha da Bama. Ta nan kuma talaka ya fara gane cewa yana iya rubuta wasiƙa a buga, mutanen Sakkwato da na Yola su karanta kukansa.

To, a nan jarrabawar take. Jaridar ta gwamnati ce. Bature ne a samansa, gwamnati ke biyansa albashi. A gefe guda ga sarakuna da ma'aikatan En'e, waɗanda ba su saba a taɓa su ba. A ɗaya gefen ga talakawa da ke fama da haraji da jangali da aikin tilas, ga kuma samari 'yan boko da suka fara gajiya da shiru. Wanda ke tsakanin waɗannan, in ya yi sake, ko dai ya zama maroƙin masu mulki, ko kuwa a rufe jaridar a huta.

Hanyar da Imam ya bi ita ce ta nasiha. Yakan faɗi aibi ba tare da zagi ba, ya kawo misali da karin magana yadda mai laifi zai gane kansa, ya yi ta kiran jama'a su sa 'ya'yansu makaranta, su tashi daga barci. Ba duk abin da ke ransa ya sami ikon bugawa ba, wannan gaskiya ne. Amma ya riƙe kujerar kimanin shekara 12, mutane kuma suka yarda da jaridar har ta zama abin kafa hujja a hira. Jaridar ta rayu fiye da shekara 70 kafin ta daina fitowa. A cikinta ne malamai, har da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, suka riƙa rubuce-rubuce a kan sunna da bidi'a a shekarun 1970.

TAFIYARSA INGILA

A shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙi, jiragen ruwa na nutsewa a teku, aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma su ziyarci Ingila. Imam ne ya tafi daga Arewa. A cikin tawagar akwai Nnamdi Azikiwe. Abubuwa biyu suka faru a wannan tafiya waɗanda suka nuna halin mutumin.

Na farko, Azikiwe ya shirya takardar neman a ba ƙasashen mulkin kai cikin shekara 15, ya nemi editoci su sa hannu. Imam ya ƙi. Ganinsa shi ne Arewa tana baya ƙwarai a ilmin zamani, in Bature ya tashi a wannan hali, ba ta da isassun mutanen da za su riƙe ofisoshi da asibitoci da makarantu. An soke shi a kan wannan, wasu suka ɗauke shi ɗan koren Turawa. Har yau masana tarihi suna saɓani a kai. Mulkin kai dai ya zo a 1960, shekara 17 bayan wannan takarda.

Na biyu, ya gana da Lugga, watau Baturen da ya ci ƙasar Hausa da yaƙi a 1903, ya kuma shimfiɗa tsarin mulki ta hannun sarakuna. A lokacin ya tsufa, ya yi ritaya. Wani da ya samu kansa gaban irin wannan mutum, sai godiya da fadanci. Imam kuwa ya gaya masa illolin tsarin da ya kafa: an tara iko a hannun mutum ɗaya, Bature ba ya jin kowa sai sarki, talaka ba shi da inda zai kai ƙara, samari masu ilmi kuma ba a shawara da su. Bai tsaya a baki ba, ya rubuta masa wasiƙu masu tsawo a kan haka. Ku lura da kyau. Mutumin da aka ce ɗan koren Turawa ne, shi ne ya dubi mai tsarin ido da ido ya ce masa gininka yana yoyo. Da ya dawo gida ya rubuta labarin tafiyar a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

SHIGARSA SIYASA

Bayan yaƙi, 'yan bokon Arewa suka fara haɗa kai. Ƙungiyoyin da suka taso a Zariya da Kaduna a 1948 suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, ƙarƙashin Dokta Dikko. Imam na cikin shugabanninta na farko, tare da irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano. Ba a daɗe ba hanya ta rabu. Masu ganin sai an tunkari mulkin En'e gaba da gaba suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Masu ganin a gyara a hankali tare da sarakuna suka tsaya a Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama jam'iyyar siyasa sosai, watau NPC, a 1951. Imam yana wannan ɓangare. Ya ci zaɓe daga Lardin Zazzau zuwa Majalisar Dokoki ta Kaduna, daga nan kuma aka tura shi Majalisar Wakilai ta Ikko.

Me ya yi da kujerar? Ga misali guda da ya shafe mu. A wancan zamani yawancin alhazanmu ta ƙasa suke tafiya, su bi ta Barno da Chadi da Sudan, su ƙetare Bahar Maliya. Wani ya yi shekaru a hanya yana ƙwadago, wani ya mutu, wani 'yan damfara su cinye masa guzuri, ba kuma wata hukuma da ke tsaya musu. A 1953 Imam ya kawo batu a majalisa cewa a buɗe wa Nijeriya ofishi a Jidda domin kula da alhazai. A shekarar ya tafi aikin Hajji, ya ga wahalar da idonsa, ya dawo ya rubuta rahoto da shawarwari a kan jagoran alhazai da magani da masauki. Wannan yana cikin tubalan farko na hukumomin alhazai da aka kafa daga baya. Duk wanda uwarsa ko ubansa ya sauke farali ya tarar da likita da masauki suna jiransa, to ya san akwai waɗanda suka fara wannan magana tun ba a haife shi ba.

Bai daɗe a siyasar jam'iyya ba. Abokan karatunsa suka zama Firimiya da Firayim Minista, shi kuwa a tsakiyar shekarun 1950 ya bar majalisa ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Can ya shafe shekaru a kan aikin nan da ya hana shi sa hannu a takardar 1943, watau samar da 'yan ƙasa da za su gaji kujerun Turawa.

HIDIMAR ADDINI DA RASUWARSA

Bai manta da allon da ya fara da shi ba. Ya rubuta littattafan addini da Hausa domin wanda bai iya Larabci ba, a cikinsu akwai tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Sayyidina Abubakar. Ya kafa makarantar Nurul Huda a Tudun Wadan Zariya, inda yaro zai sami karatun addini da na zamani a aji ɗaya. Yana kuma cikin waɗanda suka zauna a Kaduna suka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, tare da Shaihu Gumi, da goyon bayan Sardauna.

Allah Ya karɓi ransa a Zariya ranar Juma'a 19 ga Yuni 1981, cikin watan Sha'aban na 1401, yana da shekara 70. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa.

WANI MISALI DAGA INDIYA

Don kada ku ɗauka hanyar Imam ce kaɗai, ga wani takwaransa a Indiya, wadda ita ma Ingila ta mallaka. Maulana Abul Kalam Azad, an haife shi a Makka a 1888, ya kafa jaridar Al-Hilal da harshen Urdu a birnin Kalkata a 1912. Shi tasa jaridar ce, ba ta gwamnati ba, ya kuma tunkari Turawa kai tsaye. A 1914 suka rufe ta, daga baya suka tsare shi, ya sha ɗauri ba sau ɗaya ba. Da Indiya ta sami 'yanci a 1947 ya zama Ministan Ilmi na farko, har ya rasu a 1958, ya kuma bar fassarar Alƙur'ani da sharhi da Urdu. Ɗaya ya yi faɗa daga waje, ɗaya ya yi gyara daga ciki. Amma dukkansu da karatun addini suka fara, dukkansu kuma da harshen da talakansu ke ji suka yi rubutu.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Na ɗaya, ilmi biyu. Saurayin da ya ce boko haram ne ya zauna, da wanda ya tafi boko ya dawo bai iya alwala ba, duka sun yi hasara. Da Imam bai iya Turanci ba, da wa zai gaya wa Lugga gaskiya? Da kuma ba shi da tushen addini, me zai sa ya damu da wahalar alhazai? Kai da ke noman rani, in ka gama ban ruwa da hantsi, me ya hana ka ajin dare?

Na biyu, tabbatar da labari. Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurati, aya ta 6, mu yi bincike in wanda ba a amince da shi ba ya kawo labari, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Imamu Muslim kuma ya ruwaito a gabatarwar littafinsa hadisin da ke nuna cewa yaɗa duk abin da mutum ya ji ya isa ya sa shi cikin maƙaryata. Na san wani ƙauye a yankin nan da saƙon murya ya zaga cewa ga ɓarawon yara ya shigo. Samari suka tare wani baƙo suka yi masa jina-jina. Ashe bawan Allah ne ya zo neman ƙwadagon yankan shinkafa. Wanda ya fara tura saƙon yana gida kwance, amma wallahi yana da kaso a cikin jinin nan. Kafin ka danna a WhatsApp ko Facebook, tambayi kanka: wa ya faɗa, ya gani da idonsa, in kuma ƙarya ce wa za ta kashe?

Na uku, gaskiya a gaban mai iko, da hujja da ladabi. Zagin shugaba a dandali da sunan ƙarya ba jarunta ba ce. Fadanci a gabansa kuma ba biyayya ba ce, ha'inci ne. In hakimi ko kansila ko shugaban ƙungiyar manoma ya karkata, ku rubuta takarda, ku sa sunayenku, ku kai masa.

Na huɗu, kada ka sa hannunka a abin da ba ka gamsu da shi ba don kawai jama'a sun sa. Mai yiwuwa Imam ya yi daidai a 1943, mai yiwuwa ya yi kuskure, amma hannunsa nasa ne, bai ba da aronsa ba.

Na biyar, siyasa hanyar biyan buƙatar jama'a ce. Lokacin zaɓe zai zo, za a zo muku da babura da 'yan kuɗi da ƙwayoyi, a ce ku bi motar wane kuna ihu da gora. Ku tambayi mai neman ƙuri'arku abu ɗaya: wace wahala tamu za ka ɗauka ka kai majalisa, kamar yadda wani ya ɗauki ta alhazai? In ba shi da amsa, ku koma gonakinku.

Ya 'yan'uwana, Imam ya tafi, abin da ya rubuta yana nan ana karantawa, yana kuma cikin littafin ayyukansa. Naku ma haka yake, ko kun goge shi daga waya, mala'iku ba su goge ba.

Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga ƙarya da ƙazafi. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya ba mu shugabanni masu jin nasiha, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.